Shekarar da Na Yi Kiwon Gara

Da sunan Allah nake farawa, shi da yake saukar da ruwa ya fitar da tsiro daga inda ya ga dama. Ku 'ya'yana, kun san ban koyi rubutu ba sai da furfura ta fara fito mini, a zauren Liman bayan la'asar. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da ƙotar galma. Abin da ya zaunar da ni a kan wannan babi shi ne maganar da ke yawo game da gonar bayan ganuwa, wadda kuke ci daga cikinta tun kuna goye. Na ji ana cewa da tsafi na same ta, wai baƙin bunsuru na yanka na binne a tsakiyarta. Wasu kuma suna cewa rigima na yi da wana, Baffanku Mani, muka rabu baran-baran. Ba haka aka yi ba. Ina so ku ji daga bakina tun ina da numfashi.

A lokacin Ruma ba ta ƙoshi ba. Garin bakin iyaka ne, mahara daga arewa sukan biyo ta dajin Rugu su kwashi mutum yana duƙe a gonarsa. Saboda haka gonakin nesa duk suka koma saura, kowa ya matso jikin gari yana noma 'yar jigawar da kakanni suka riga suka gajiyar. Masu hali suka koma kiwo da fatauci, don dabba da kaya ana iya gudu da su, gona kuwa ba ta bin mutum. Ga dakaru a gari suna tsaron ganuwa, su da dawakinsu duk baki ne. Hatsi sai an ɗauko shi a kan jakuna daga kudu. Mu a gidanmu gandu ɗaya muke tun rasuwar mahaifinmu. Yaya Mani ne babba, shi ke buɗe rumbu, shi ke cewa a je nan a bar can. Ni ina da 'yar gayauna da ba ta fi shimfiɗar tabarma kaɗan ba, ina da mata, uwarku Tasalla, da yara biyu ƙanana. Mutanen gida suna kirana Iro Sanyi, don ba na gaggawar komai.

Bayan an gama kaka a wannan shekara, jakadan Sarkin Katsina ya iso Ruma. Aka yi shela kowane magidanci ya hallara a ƙofar hakimi. Jakadan wani dogon mutum ne mai yawan barkwanci, yana magana yana kaɗa mafici. Ya ce Sarki ya gaji da ciyar da bakin iyaka daga nesa, yana so bakin iyaka ya ciyar da kansa. Duk wanda ya fasa ƙasar da galma ba ta taɓa shiga ba, ya shuka gero ko dawa, za a ba shi iri daga rumbun Sarki, a ba shi ƙarfe ya kai wa maƙeri. An ɗauke masa kuɗin ƙasa na damina uku, gonar kuma ta zama tasa da 'ya'yansa. Zakka kam ta Allah ce, ba a taɓa ta. Sharaɗi ɗaya ne: in hatsi ya fitar da kai zai dawo ya duba da idonsa. Wanda gonarsa ta tsaya, ta zama tasa. Wanda ya bar ta ta lalace, a karɓe a ba wani.

Ranar kowa ya koma gida yana maganar bakin Rugu. Ƙasar can baƙa ce, ganye ya ruɓe a kanta tun zamanin da ba wanda ya sani. Yaya ya zauna a tsakar gida yana lissafa wa zai riƙe gatari, wa zai tara ƙaya a ƙone. Inna, mahaifiyarmu, tana kaɗi a bakin ɗakinta tana ji. Uwarku ta ajiye mana ƙwaryar fura, maimakon ta juya sai ta tsaya. Ita 'yar ƙauyen Babban Duhu ce, kuma a gonar bakin daji aka ɗauke wanta tana yarinya, ita ce ta kai masa abinci ta tarar da hauyarsa a kwance.

"Yaya, a gafarce ni," in ji ta. "Ni dai ba zan sake kai tuwo bakin daji in dawo da shi ba a ci ba."

"To wa ya ce ki kai?" in ji Yaya. "Mijinki ya ci kafin ya fita."

"Ba tuwon nake ji ba."

Maganarta ta kwana a cikina, ta tashi da ni. Ina son gona tawa, kamar yadda kowane ƙane yake so, kuma ban ga laifin tsoronta ba.

Ku da kuka taso kuka ga bayan ganuwa kore shar ba za ku gane abin da yake a da ba. Fako ne, ja, mai sheƙi, kamar an daɓe ɗaki. In ruwa ya sauka a kansa sai ya gangare ya bar shi a bushe. Ko akuya ba ta tsayawa a wurin. Ta nan nake bi in je gayaunata, kuma da yake ni mai tafiya a hankali ne, na daɗe da lura da wani abu. Akwai inda wani tsohon dannin kara ya faɗi aka bar shi. Gara ta cinye karan, iska ta tara rairayi a wurin, damina ta yi sai ga ciyawa ta fito a daidai nan kaɗai, tsawon dannin, kamar an ja layi. Na taɓa tona wurin da yatsa na ga ƙasar ta yi ramuka-ramuka, ta yi laushi.

Na je na sami Baba Nomau. Bamaguje ne, tsoho, gidansa yana wajen gari ta hanyar Batsari, kuma abokin mahaifinmu ne tun suna samari. Na durƙusa na gaishe shi, muka gaisa har kan awaki, sannan na faɗa masa abin da na gani. Ya yi dariya har da tari.

"Yanzu ka gani? Kakanninmu da wannan dabara suka rayu lokacin da ba su isa su leƙa daji ba. Ku da kuka shiga gari kuka mai da gara abokiyar gaba, kuna ganinta sai toka da wuta. To ita ce manomiyar farko. Ba ta da galma amma ta fi ka huɗa."

Ya ce kara kaɗai ba zai isa a shekara ɗaya ba. Sai na sa shanu sun kwana a wurin rani guda, sai na haƙa ramuka yadda ruwa zai sami wurin zama, in zuba taki a kowane rami, in rufe da kara. Gara za ta biyo takin, ta huda ƙasar ta ƙasa inda ƙarfe ba ya kaiwa.

"Amma ka sani, ɗan Musa," ya ce, don da sunan mahaifina yake kirana, "za su ce ka haukace. In fatarka ba ta da kauri, ka bi wanka daji."

Washegari na je ƙofar hakimi, inda jakada yake zaune ana faɗa masa wurin da kowa ya zaɓa. Da layi ya zo kaina na faɗi na yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, fakon bayan ganuwa nake so."

Ya daina kaɗa mafici.

"Wanne? Wanda dokina ya kusa zamewa a kansa? Malam, gero za ka shuka ko masussuka za ka buɗe?"

Mutane suka fashe da dariya. Na jira suka gama.

"Ranka ya daɗe, an ce ƙasar da galma ba ta taɓa shiga ba. Ban san wata ƙasa a Ruma da ta kai wannan cika sharaɗin ba."

Ya dube ni, ya dubi hakimi, sannan shi ma ya yi dariya.

"Wallahi ba ta taɓa shiga ba, kuma ban ga ranar shigarta ba. An ba ka. Amma Sarki hatsi ya aiko ni in gani. In na dawo na tarar da daɓe, ni da kai ba wasa."

Wurin Yaya ne abin ya yi nauyi. Ya riga ya sa ni a lissafin masu sassabe, kuma hannu biyu ba ƙaramin rashi ba ne ga gandu. Ya kira ni gaban Inna, ya ce in zaɓa. In zan bi shi daji, rumbu namu ne duka kamar kullum. In kuwa zan je in yi wasa a kan fako, to in fita gandu, ya auna mini abin da zai kai ni damina, daga nan kada in dubi rumbunsa. Ba mugunta ba ce. Baki da yawa ne a kansa, kuma a ganinsa ina shirin jefa yara cikin yunwa saboda tsoron mace. Na ce na ji, na fita. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bar mini karan gonar gandu na wannan shekara gaba ɗaya, da tsohon jinkan da za a sauke daga ɗakuna.

"Kara?" ya ce. "Ubanmu ya bar gona da jaki, kai kara kake roƙo? Ɗauka, har da tushiyar. Kuma ga Inna nan shaida: ranar da fakon nan ya ba da gero, ni Mani zan ɗauki damin farko a kaina, tun daga gonar har ƙofar ɗakinka, da rana tsaka, ta cikin kasuwa."

Inna ba ta kama sunan Yaya, don ɗan fari ne. Ta ɗago kai daga mazarinta.

"Kai wannan, ka rage baki. Wuya gare ka kamar kowa."

Da aka raba ƙarfen Sarki, kowa ya kai wa maƙeri a yi masa gatari da galma. Ni na ce a yi mini dagi, mai nauyi, mai kaifin baki. Maƙerin ya juya ƙarfen a hannunsa ya ce, "Iro, in kabari ne ka faɗa mini na waye, in je gaisuwa." Da wannan dagi na yi rani. Tun sanyin safiya nake fita, in daka ƙasa tana tartsatsi, in kwashe da ƙoƙo. Rami kamar faɗin akushi, zurfinsa ya kai tsintsiyar hannu, in tara ƙasar da na fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa. Ban yi kwaɗayin fakon duka ba. Na yanki abin da nake ganin zan iya, daga gindin ganuwa zuwa wata tsohuwar aduwa. Tafin hannuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa.

Shanu kuwa na same su wurin wani Arɗo da ke sauka kusa da Safana kowane rani. Da na ce ya kawo garkensa su kwana a fako, sai ya ce, "Kaɗo, shanuna sun yi maka laifi ne? Me za su ci a can, dutse?" Na ce karan gandu guda yana jiransu, kuma ni zan riƙa ja musu ruwa a rijiyar ƙofar gari. Ga ganuwa kusa, ba ɓarawon da zai matso. Wannan ta ƙarshen ce ta ja shi. Shanu suka cinye ganyen karan suka bar sandunan, suka tattake wurin, suka bar mini abin da nake nema. Da suka tashi na bi ramuka ina cika su da kashin shanu, ina shimfiɗa kara da tsohon jinka a kai, ina dannewa da ƙaya kada iska ta kwashe.

Ku sani wannan ranin ya ci mana tuwo a ƙwarya. Sauran ƙannen gari sun tafi fatauci sun dawo da riguna, ni ban je ko'ina ba. Karan da ya kamata in yi danni da shi yana kan fako, saboda haka gidanmu ya zauna a buɗe, mai wucewa yana ganin tukunyar uwarku. Ta rataya tsofaffin tabarmi ta kare abin da ya karu. Hatsin da Yaya ya auna mana muka riƙa ja masa rai, tuwo sau ɗaya, sauran a cika da tafasa da zogale. Ba ta taɓa cewa in koma gandu ba. Amma bakinta bai mutu ba. Wata rana na dawo da murna na ce mata gara ta shigo, na ɗaga kara na ga ta yi masa rufin ƙasa ko'ina. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Alhamdu lillahi. Matan gari mazansu na kiwon tumaki, ni maigidana yana kiwon gara. In ta haihu ka gaya mini in dama kunu."

Maganar ta fita ta gidan da ba danni, kafin Juma'a duk Ruma ta ɗauka. Yara da manya, in na wuce sai a ce, "Iro, yaya garken?" Ni kuma in ce, "Suna gaishe ku." A nan ne maganar tsafi ta samo asali. Mutum ya ɗauki kara mai kyau ya kai wa gara da hannunsa, kuma ana ganin Baba Nomau yana dogara sandarsa yana zagaya wurin. Gaskiyar abin da ya faru ita ce, da damina ta matso tsohon ya ce mini a al'adarsu akan yanka jan zakara a sabuwar gona. Na ce, "Baba, ka yi mini komai, wannan kam ka bar ni." Bai ji haushi ba. Ya ce, "Ubanka ma haka yake. Je ka kira Limaminku ya yi abin da ya iya, zakarana ya huta." Na kira Liman, ya zo ya tsaya a bakin ramuka ya yi addu'a, muka shafa. Shi ke nan abin da aka binne a gonar: kashin shanu, da kara, da Fatiha.

Ruwan farko ya sauka da rana, mai ƙarfi. Ban jira ya ɗauke ba, na fita a guje, ni da ake ce wa Sanyi. Na tsaya a gindin ganuwa ina kallo. A sauran fakon ruwa yana gudu ja wur kamar kullum. A nawa yankin kuwa kowane rami ya cika ya tsaya, ina kallo yana raguwa a hankali, ƙasa tana sha. Baba Nomau ya iso a jiƙe. Ya soka sandarsa a wani rami, ya danna, sai ta shige har kusan rabi. Ya zare ta ya duba laka a jikinta, ya miƙo mini in gani. Da gari ya waye na shuka geron Sarki, rami bayan rami, uwarku tana bina tana rufewa da ƙafa.

Na Yaya ma ya tsiro, kuma in faɗi gaskiya ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Na je na gani sau ɗaya, baƙi ƙirin, ganye kamar na dawa. Sai dai ana shirin noman firi, wato na farko, labari ya zo cewa mahara sun shigo Rugu, sun ɗauki mutane a wata gona ta wajen Safana. Hakimi ya sa aka yi shela kada wanda ya wuce inda zai ji gangar mai gadin ganuwa. Aka ce kwana kaɗan ne, sai abin ya yi ta ja. A kore su nan su ɓullo can. Manoman bakin daji suka zauna a gari suna kallon hadari yana zubar da ruwa a kan gonakin da ba su isa su je ba. Sabuwar ƙasa kuwa yadda take ciyar da gero haka take ciyar da ciyawa. Ni gonata tana ƙarƙashin ƙafar mai gadi. Yana bisa ganuwa muna hira ina noma. Na yi firi, na yi maimai a kan lokaci. Yaya yakan hau ganuwa wai yana duban hanya, na san ba hanya kaɗai yake duba ba, amma ko sau ɗaya bai sauko ba.

Da hanya ta buɗe su Yaya suka tafi, suka tarar ciyawa ta fi mutum tsawo. Abin da ya tsira daga ciyawa, birai da gadu sun raba. Yaya ya dawo da yamma ya shige ɗaki bai ci abinci ba. Ban yi murna ba, Allah shaida. Gumin da ya zuba a dajin nan bai gaza nawa ba.

Nawa geron ya yi ciki, ya fitar da kai, ya yi bununi. Ba zan ce muku ya fi na kowa a ƙasar Katsina ba. Wani ramin ya ba da kai uku, wani biyar, wani ya ƙi. Amma gero ne, tsaye, a inda tun kakanni ba a taɓa ganin ko ƙaya ba. Da ya isa tumu na karyo kai biyu na gasa na kai wa Inna. Ta murza a tafin hannu, ta hure, ta zuba a baki da 'yan haƙoran da suka rage mata. Ta daɗe tana taunawa.

"Na garar ne?"

"Nata ne, Inna."

"To ka gaishe ta."

Jakada ya dawo kamar yadda ya ce. Ya fara da bakin daji, ya dawo fuska ba walwala, don abin da zai kai wa Sarki bai taka kara ya karya ba. Da aka biyo da shi ta bayan ganuwa sai ya ja linzami. Ya sauka daga doki ya shiga cikin geron har muka daina ganin rawaninsa. Muna jin motsinsa yana tafe yana magana shi kaɗai. Ya fito da bununi a kafaɗa.

"Ina mai masussukar nan?"

Na matso na durƙusa.

"Tashi. Gonar taka ce, kai da 'ya'yanka. Yanzu gaya mini yadda ka yi, daga farko, kada ka tsallake komai, don Sarki zai tambaye ni kuma ba na so in ce masa gara ce ta biya shi."

Na faɗa masa, na kuma ce ba dabarata ba ce, ta Baba Nomau ce da kakanninsa. Sannan na roƙe shi alfarma, kada a karɓe gonakin masu bakin daji, don ba lalaci ya hana su ba, umarni suka bi. Ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan, zai kai maganar. Ya kai kuwa. Aka bar musu gonakinsu, aka ƙara musu shekara, daga baya aka kafa 'yar tunga mai shinge a can suka riƙa noma da tsaro. Aka kuma ƙara a cikin shela cewa fako ma ƙasa ce, mai so ya zo ya karɓi iri da ƙarfe. Ranin da ya biyo baya maƙerin nan bai ƙera komai ba sai dagi, kuma kara ya yi tsada a Ruma har ana faɗa a kansa.

Ranar ɗaurin dami ita nake so ku riƙe. Ban aika wa Yaya ba, ban kuma tuna wa kowa rantsuwarsa ba. Na so a bar maganar ta mutu, don mutum ne mai girma a gari kuma shekarar ta riga ta dake shi. Na ɗaure damin farko ke nan, rana ta take, sai na ji uwarku ta ce, "Maigida, duba." Yaya ne tafe ta gindin ganuwa, da babbar rigarsa ta Juma'a, da gammo a hannu.

Na tare shi na gaishe shi. Na ce, "Yaya, don Allah ka bari. Wasa ne aka yi a tsakar gida."

"Ni ban yi wasa ba. Gaban Inna na faɗa." Ya dubi damin, ya zagaya shi. "Kai kuma da ka san ni zan ɗauka shi ne ka ɗaure shi kamar na jaki?"

"Ban san za ka zo ba."

"To ɗora mini, kana tsaye kana kallona."

Na ɗora masa. Ga ƙofar gari kusa da gidanmu, amma ya ƙi ta, ya zagaya ta ƙofar kasuwa kamar yadda ya rantse. Ina biye da shi, uwarku tana biye da ni. Mahauta suka bar nama suka miƙe, masu awo suka bar mudu. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Mani, yau kai ne jakin Iro?" Yaya bai tsaya ba, dami a ka, gumi yana bin wuyan rigar.

"Ni ne. Geron fako ne wannan, ku buɗe ido ku gani. Wanda ya taɓa ɗaukar irinsa a cikinku ya fito ya karɓe ni."

Ba wanda ya fito. Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta rangaɗa guɗa, kasuwa ta ɗauka. Haka muka ratsa har gida. Ya sauke damin a ƙofar ɗakina, ya tsaya yana haki, yana murza wuya. Inna tana zaune a inda take zama.

"Na gaya maka wuya gare ka," ta ce.

A wannan shekara daga nawa rumbun aka ciyar da gidan gaba ɗaya, nawa da na Yaya, har Allah ya kawo wata kaka. Bai roƙa ba, ni ma ban ce ina bayarwa ba. Uwarku ce take auna na tukunya biyu maimakon ɗaya. Gandu kam bai sake haɗuwa ba, kuma ƙugun nan da kuke ganin ina dafewa in zan tashi, dagin ne ya bar mini shi. Na biya, ban kuwa yi da-na-sani ba.

Bayan an kai amfanin gona gida, wata safiya na fito sai na ga Yaya a bakin fakon da ke gaba da aduwa, shi kaɗai, da sabon dagi a hannu. Yana juya shi kamar bai san ta ina ake kamawa ba. Na gaishe shi ya amsa, bai dube ni ba.

"Iro," ya ce, "garar nan taka, tana cin karan kowa, ko sai naka?"